Granary da garner: kalmar rumbu da ta shiga Ingilishi sau biyu

Duk wanda ya nemi fassarar "rumbu" a ƙamusun Turanci, *granary* za a fara miƙa masa. Idan ƙamusun mai kauri ne sai a ƙara masa da *barn* da *silo*, wataƙila har da *garner* da *grange*, a jere, kamar duk abu ɗaya suke nufi. Ba abu ɗaya ba ne. Uku daga cikinsu 'yan ɗaki ɗaya ne, biyu daga cikin ukun ma kalma ɗaya ce tak da ta shiga Ingilishi har sau biyu, da tazarar kusan shekara 400 a tsakani. Su kuwa *barn* da *silo* bare ne a wannan dangi, kowace da inda ta fito.

Tushen yana cikin Latin, harshen Rumawa. A can *granum* na nufin ƙwaya, ta hatsi ko ta 'ya'yan itace. Idan Barume yana son ya ce "wurin da ake ajiye abu kaza", sai ya liƙa wa sunan abin ɗafa-ƙeyar *-arium*. Daga *aqua*, ruwa, aka sami *aquarium*; daga *herba*, ciyawa, aka sami *herbarium*; daga *granum* aka sami *granarium*, jam'inta *granaria*. Wannan ba baƙon tsari ba ne ga Bahaushe, sai dai mu a goshi muke liƙa namu: makaranta, maƙera, marina, majema, masussuka, ma'ajiya. Bambancin kawai shi ne namu daga aikatau yake tasowa, na Rumawa kuma daga suna.

Marubucin Rum ɗin nan Varro, a littafinsa na harkar noma da ya rubuta a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi amfani da kalmar, ya kuma faɗi yadda ake so ginin ya kasance: a ɗaga shi sama da ƙasa, iska ta riƙa ratsa shi, laima kada ta kusance shi, a shafe bango da daɓe da yumɓu da aka kwaɓa da dagwalon man zaitun don ɓera da ƙwari su ƙaurace. Ke nan tun daga farko *granarium* ɗaki ne na tsaba, ɗagagge, busasshe. Wannan ma'anar ta biyo kalmar har yau.

Da daular Rum ta watse, Latin bai mutu ba, rikiɗa ya yi a bakin jama'a. A Italiya kalmar ta zama *granaio*, a Sifen *granero*, a arewacin Faransa kuwa ta sha gugar da ta fi ta ko'ina. Faransanci ya mayar da kusan duk wata *-arium* zuwa *-ier*, wasalin *a* na gaɓar farko, da yake ba a kansa nauyin furuci yake ba, ya raunana ya koma *e*. Aka sami *grenier*. Kalmar tana nan a Faransanci, wanda ya yi boko a Nijar ya san ta, kodayake a Faransa ta yau ma'anarta ta yau da kullum ita ce ɗakin saman gida da ke ƙarƙashin rufi, inda ake jibge tarkace. Dalili kuwa a can ake zuba hatsi a da, don nan ne ya fi ko'ina nisa da danshi.

Daga nan wani abu ya faru wanda ya ɓatar da kamannin kalmar. A wasu kare-karen tsohon Faransanci, *r* da wasalin da ke binta suka yi musayar gurbi, *grenier* ta koma *gernier*. Harshe yana yawan yin haka da *r*. Tsohon Ingilishi yana cewa *brid* da *thridda*, yau ana cewa *bird* da *third*. Mu ma muna da bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya, gauraya da garwaya. To wannan juyayyen furuci shi Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ƙetara da shi bayan shugabansu William ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Shekaru aru-aru bayan nan Faransanci ne harshen fada da kotu da masu gandu, shi ne kuma harshen wanda ke riƙe da mabuɗin rumbun maigida. Zuwa ƙarshen ƙarni na 12 *gerner* ta riga ta bayyana a rubutun Ingilishi.

Saura mataki ɗaya. Wajen ƙarni na 15 Ingilishi ya shiga mayar da *er* zuwa *ar* a kalmomi masu yawa: *sterre* ta zama *star*, *ferre* ta zama *far*, *gerner* ta zama *garner*. Sauyin bai game ko'ina daidai ba, shi ya sa har yanzu Baturen Ingila yake rubuta *clerk* da *Derby* amma ya furta su da *a*, shi ya sa kuma ake da *person* da *parson* gefe da gefe. Wanda ya ɗora *granarium* kusa da *garner* zai ga gaɓa huɗu sun koma biyu, *r* ta yi ƙaura, wasalin ya tafi *e* ya dawo *a*. Kowane mataki yana da ƙa'idarsa, babu wanda ya faru da ka.

Ita kuwa *granary* ba ta bi wannan doguwar hanya ba, ta alƙalami ta shigo. A ƙarni na 16 masu ilimin Ingila, waɗanda suka ƙoshi da karatun Latin, sun ɗebo dubban kalmomi kai tsaye daga littattafan Rumawa, suna ɗan datse musu wutsiya kawai. *Granarium* ta zama *granary*, wajen 1570 aka fara ganinta a rubuce. Da wuya a ce masu aron ba su san da *garner* ba. Ganin ta suke yi tsohuwa, ta gida, alhali sabuwar tana da ƙamshin karatu.

Hausa tana da irin waɗannan tagwaye, nata daga Larabci. "Ladabi" da "adabi" kalma ɗaya ce. Ta farko ta shigo tun da daɗewa ta bakin jama'a, har ta haɗiye *al-* ɗin Larabci ta mayar da shi nata. Ta biyu malamai ne suka ɗauko ta daga baya yadda take a littafi. Haka "lissafi" da "hisabi". Kuma idan tagwaye irin waɗannan suka haɗu a harshe ɗaya, ba sa zama a kujera ɗaya, raba aiki suke yi: ladabi na gaban manya, adabi na jami'a, lissafi na kasuwa, hisabi na ranar gobe.

Rabon aikin da ya faru a Ingilishi ke nan. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, inda ake maganar tara alkama a rumbu a ƙone ƙaiƙayi, a Matiyu 3:12, *garner* aka sa, alamar a lokacin kowa ya san ta a matsayin sunan gini. A hankali *granary* ta ƙwace ginin. *Garner* ta tsira ne a matsayin aikatau, da farko "zuba a rumbu", daga baya "tara" kowane irin abu. A yau 'yan jarida ne suka fi riƙe ta: ɗan takara ya yi *garner* na ƙuri'u, fim ya yi *garner* na lambobin yabo. Mai fassara labarai da ya ci karo da ita "samu" ko "tara" zai sa, babu ruwansa da hatsi. Amma hoton da ke ƙarƙashi na manomi ne da ke kai amfani gida da kaka. Mu ma da muka ce "rumbun adana bayanai" irin wannan aron muka yi, sai dai namu rumbun bai bar gona ba.

Wani ƙaramin tarko na rubutu: saboda *grain* tana da *i*, mutane da yawa sukan rubuta *grainery*. Daidaitaccen rubutu *granary* ne, domin ba daga *grain* aka gina ta ba. Ita *grain* ta biyo ta Faransanci ne inda ta samo wannan *i*, *granary* kuma ta tsallake Faransancin gaba ɗaya. A Ingila gaɓar farko gajeriya ake furta ta, "gra", a Amurka kuma ana jin masu ja ta zuwa "grei", wanda shi ke ƙara jawo kuskuren.

'Yar ɗakinsu ta uku ita ce *grange*. Ta fito daga *granica* ta Latin ɗin tsakiyar zamani, ta Faransanci ita ma, inda har gobe *grange* ke nufin zauren ajiye amfanin gona. A Ingila ta zama sunan gandun da gidan sufayen Kirista ke da shi nesa da mazauninsu, musamman 'yan ɗariƙar Sistashiyan, waɗanda suka yi suna wajen noma da kiwon tumaki. Jami'in da ke kula da irin wannan gandu shi ne *granger*, daga nan sunan iyali Granger ya fito. Kalmar ta sake sabuwar rayuwa a Amurka a 1867, lokacin da Oliver Kelley da abokansa suka kafa ƙungiyar manoma da aka fi sani da Grange. Babban abin da ya dami mambobinta shi ne kuɗin da kamfanonin jirgin ƙasa da masu manyan rumbunan haya ke yanka musu. Matsin lambarsu ya haifar da dokokin ƙayyade farashi a wasu jihohi, rigimar ta kai Kotun Ƙoli, a 1877 kuma, a shari'ar Munn da jihar Illinois, kotun ta ce gwamnati na da ikon ƙayyade kuɗin ajiyar hatsi a rumbunan Chicago.

Idan aka haura sama da Latin, za a tarar Ingilishi yana da wannan saiwa tun kafin ya aro komai. Latin da Ingilishi da Rashanci da Farisanci da Hindi duk jikokin harshe ɗaya ne da ba a taɓa rubutawa ba, masana suka sake gina shi ta hanyar kwatanta jikokin. Kalmarsa ta ƙwayar hatsi ita ta ba Latin *granum*, ta ba Rashanci *zerno*, ta ba Folanci *ziarno*, ta ba harshen Lituweniya *žirnis*, wadda a can ta koma sunan wani ɗan wake. A reshen Jamusawa, wanda Ingilishi ke ciki, tsohon sautin *g* ya ƙeƙashe ya koma *k*. Rasmus Rask ɗan Denmark ya lura da wannan a 1818, Bajamushe Jacob Grimm ya tsara shi a 1822, ake kiransa dokar Grimm. Gwiwa a Latin *genu* ce, a Ingilishi *knee*. Gona *ager* ce, a Ingilishi *acre*, wato ekar da muke auna fili da ita. A bisa wannan doka, takwarar *granum* a Ingilishi ita ce *corn*, a Jamusanci *Korn*. Ƙaramarta kuma, *cyrnel* a tsohon Ingilishi, ita ce *kernel*. Saboda haka *corn* da *grain* ma tagwaye ne, ɗaya gado, ɗaya aro.

*Corn* ta cancanci a tsaya a kanta, don tana yawan kayar da masu fassara. Asalinta ba masara take nufi ba. Masara ba ta isa Turai ba sai bayan 1492, kalmar kuwa ta girmi haka nesa ba kusa ba. Ma'anarta ita ce hatsin da ya fi yawa a wuri: a Ingila alkama, a Sikotland wani hatsi mai jure sanyi da ake kira *oats*. Turawan da suka sauka Amurka suka tarar da masara suka kira ta *Indian corn*, daga baya aka yar da rabin farko. Don haka dokokin da ake kira *Corn Laws*, waɗanda Birtaniya ta kafa a 1815 aka soke su a 1846 zamanin Firaminista Robert Peel, dokokin shigo da alkama ne da danginta, wanda ya fassara su da "dokokin masara" ya yi ɓatan kai. Da wannan tsohuwar ma'ana aka raɗa wa dawarmu *guinea corn*. Kalmarmu ta "hatsi" halinsu ɗaya: a Kano ta game gero da dawa da maiwa, amma a wurare da yawa na Nijar da yammacin ƙasar Hausa, in aka ce hatsi gero ake nufi.

Zuriyar *granum* ta yi nisa da rumbu. *Grain* ta zama ma'aunin nauyi, asali nauyin ƙwayar sha'ir guda, yanzu miligiram 64.8, guda 7,000 ke cikin laba ɗaya. Da shi ake auna harsashi da albarushi har yau, kuma ƙwayar asfirin mai miligiram 325 da ake sayarwa a Amurka tsohon awon *grain* biyar ne. *Granite*, dutsen da ake fasawa a yi kwalta da shi, daga Italiyanci *granito* ne, "mai ƙwaya-ƙwaya", saboda ɗigo-ɗigon jikinsa. *Ingrained*, abin da ya kama jiki ba ya fita, daga marina ta fito: akwai wani ƙwaro da ake busarwa a yi jan rini da shi, busasshensa kamar ƙwayar hatsi, don haka aka kira rinin *grain*, kuma rini ne da ba ya zuba.

Akwai jika guda da ta iso har cikin Hausa. Rumman a Latin na tsakiyar zamani *pomum granatum* ne, 'ya'yan itace mai yawan ƙwaya, shi ne *pomegranate*. Faransawa suka taƙaita shi zuwa *grenade*, sannan suka ba ƙaramin bam ɗin da ake jifa da hannu wannan suna, don ga shi dunƙule kamar rumman, cikinsa cike da ƙwayoyin albarushi. Ingilishi ya ara, sojojinmu suka ji a bariki, ya zama "gurneti". Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa *bread* ta zama burodi, *driver* ta zama direba. A gurneti sai wasalin ya faɗo gaban *r*, aka sake samun irin fasalin da *grenier* ta ɗauka lokacin da ta koma *gernier*.

Kama da wane dai ba ta wane. *Corn* ɗin da ke nufin kanta, wato kaurin fata a yatsan ƙafa, daga *cornu* ne, ƙaho, danginta *horn*. *Gram* na awo, giram ɗinmu, daga Girkanci *gramma* ne, ba shi da haɗi da *granum* duk da kamar da suka yi.

*Barn* kuwa Ingilishi ce tsantsa. A tsohon harshen *bere-ærn* ce, *bere* sha'ir, *ærn* ɗaki: ɗakin sha'ir. Sunayen garuruwa irin su Barton da Berwick suna ɗauke da wannan *bere*. A gonar Ingila ta da, *barn* da *granary* gini biyu ne masu aiki biyu, kuma wanda ya san bambancin dami da tsaba ya riga ya fahimce shi. *Barn* babban zaure ne da ake jibge dammuna ba a sussuke ba. Yana da manyan ƙofofi biyu suna kallon juna a tsakiyar dogayen bangayensa, keken shanu ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya. Filin da ke tsakanin ƙofofin shi ne masussuka: da hunturu a buga dami a nan, a buɗe ƙofofin duka biyu iska ta ratsa, a yi shiƙa. Wanda ke ƙauyen Great Coxwell, da sufayen gidan ibada na Beaulieu suka gina a ƙarshen ƙarni na 13 a ɗaya daga cikin gandayensu, tsawonsa ya kai mita 46, yana nan tsaye.

Tsabar da ta fito ita ake kaiwa *granary*, ƙaramin ɗaki, sau da yawa na katako, a ɗore bisa duwatsu tara ko goma sha biyu ko fiye. Kowane dutse kashi biyu ne: turke mai tsukewa ta sama, da faffaɗan faifai a kansa, ga shi nan kamar laimar kwaɗi. Ɓera zai hau turken, amma in ya iso ƙarƙashin faifan sai ya yi tafiya a kife kafin ya zagayo, abin da ba ya iyawa. Matakalar shiga ba a haɗa ta da ginin. Ko a bar tazara, ko a ɗauke ta bayan an fito. Inda abin ke lalacewa shi ne a jingina wani abu, garma ko itace ko tsani, a manta: dare ɗaya ya isa. Iskar da ke wucewa ta ƙasa kuma tana hana laimar ƙasa hawa. Tsabar da danshinta ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari takan yi zafi daga ciki, fumfuna ta kama ta, ƙwari su hayayyafa, don haka ake baza ta a juya da shebur. Hikimar ɗora rumbunmu bisa duwatsu ke nan, ba wani ya koya wa wani ba. A Amurka *barn* ta ƙara faɗi har ta zama ɗakin shanu da dawaki, saboda haka ba kullum "rumbu" ce fassararta ba, wani lokaci garke ne ko barga.

*Silo* ita ce auta, a ƙarni na 19 ta shigo daga Sifaniyanci, kuma dabararta kishiyar ta *granary* ce. Ma'anarta ta asali rami ne a ƙasa. Varro ya ambaci irin waɗannan ramuka a Kafadokiya da Tarakiya, yankuna na Turkiyyar yau da maƙwabtanta, inda ake kiransu *sirus*, daga Girkanci *siros*, ya ce alkama takan shekara 50 a ciki, gero fiye da 100. Masana sun rabu biyu: wasu na ganin daga wannan kalma *silo* ta fito, wasu na ganin tsohuwar kalma ce ta mutanen Sifen tun kafin zuwan Rumawa, suna kafa hujja da kalmar rami a harshen Baska na arewacin Sifen, *zulo* ko *zilo*. Aikin ramin dai ba gardama a kansa. A shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa, a cika shi maƙil, a toshe baki. Hatsin da ƙwarin da ke ciki suna numfashi, su cinye iskar oksijin da ta rage, ƙwarin su mutu. In ruwa ya sami kafa, ko aka riƙa buɗewa ana ɗiba, an karya sirrin. Buhun nan mai leda biyu a ciki da manoman wake ke ɗaurewa tam, a kan wannan ƙa'ida yake aiki. Hatsarin kuma shi ne mutum ya zura kai cikin ramin da aka buɗe yanzu. Tun zamanin Rumawa akan jira kafin a shiga. Akan kuma gwada da fitila, in ta mutu ba a shiga.

A ƙarshen ƙarni na 19 manoman Turai da Amurka suka koma tara ɗanyar ciyawa da karan masara a irin wannan rufaffen wuri don abincin shanu, aka sami kalmar *silage*. Amurkawa suka ga ya fi sauƙi a gina ramin a tsaye, da katako, daga baya da kankare da ƙarfe, har kalmar da ke nufin rami ta koma nufin hasumiya, irin dogayen rumbunan ƙarfe na gwamnati da ake hangowa daga bakin titi. Sai a ƙarshen shekarun 1950, da sojojin Amurka suka fara haƙa wuraren ɓoye makamai masu linzami, *silo* ta sake komawa ƙarƙashin ƙasa.